Yadda Ake Dasa Cerin Rairayi a Lambun Gida da Yadda Ake Kula da Shi

Cerin rairayi ɗan guntun itace ne mai fitar da rassa da yawa tun daga gindi, asalinsa kuwa Arewacin Amurka ne, inda yake tsirowa da kansa a tuddan yashi na gaɓar manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada, da bakin koguna masu tsakuwa, da kuma filayen ciyawa na jihohin Nebraska da Dakota. Masana tsirrai suna kiransa Prunus pumila, danginsu ɗaya da ceri da almon. Wanda ya san irin wuraren da wannan itace ya fito ya riga ya san rabin kulawarsa, domin ƙasa ce mara taki, wadda ruwa ba ya kwana a cikinta, rana tana dukanta tun safe har yamma, sannan sanyin hunturu ya daskarar da ita na watanni. Yawancin waɗanda yake mutuwa a hannunsu ba sakaci suka yi ba, gata suka nuna masa fiye da kima, da ruwa da taki, har saiwarsa ta ruɓe.

Kafin a sayi dashe, sai a tsai da shawara kan abin da ake nema, 'ya'ya ko ado, domin iri biyu ne suka fi yawa a wuraren renon tsirrai kuma sunansu yana rikita mutane. Na farko shi ne irin yamma, wanda ake rubutawa besseyi don tunawa da Charles Bessey, masanin tsirrai na Jami'ar Nebraska. Tsawonsa yakan tsaya tsakanin mita 1 da 2, ganyensa kore ne mai ɗan toka-toka, furensa fari, kuma yana ba da 'ya'ya baƙaƙe masu ɗan girma a watan Yuli ko Agusta. Mutanen Lakota, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, da maƙwabtansu sun daɗe suna cin waɗannan 'ya'ya, suna kuma shanya su don ajiya. A cikin irin yamma akwai wani zaɓaɓɓe mai suna Pawnee Buttes daga jihar Kolorado, wanda ba ya kai rabin mita a tsaye, sai dai ya bazu a ƙasa ya rufe ta, abin da ya sa yake dacewa da gangare. Na biyu shi ne mai jan ganye, Prunus × cistena, wanda Niels Hansen ya samar a Dakota ta Kudu ta hanyar haɗa cerin rairayi da wani ɗan'uwansa mai jan ganye, aka fitar da shi ga jama'a a shekarar 1910. Wannan yakan kai mita 2 zuwa 3, kyawunsa yana ga ganyensa mai launin ja da shunayya da furensa mai ɗan ruwan hoda, amma 'ya'yansa kaɗan ne, wata shekarar ma babu.

Akwai sharaɗi guda da babu dabarar da ke kauce masa, wato sanyi. Dukkan irin biyu suna jure sanyin da ya kai digiri 35 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, kuma ba juriya kaɗai ba ce, suna buƙatar makonni masu yawa na sanyi a kowace shekara kafin idanun rassa su buɗe su yi fure. A ƙasar da babu hunturu na gaske, itacen yakan yi toho a hargitse, ya ƙi fure, ya rame har ya mutu, don haka mai lambu a wuri mai zafi duk shekara gara ya kai wahalarsa ga wani abin.

Zaɓen wuri shi ne aikin da ya fi kowanne nauyi, kuma a nan ne ya kamata a ɓata lokaci. Ana neman inda rana take sauka aƙalla awa 6 a yini, inda iska take ratsawa, nesa da inuwar manyan bishiyoyi. Mai jan ganye idan aka sa shi a inuwa launinsa yakan dusashe ya koma kore mai datti, rassansa su yi tsawo su yi siriri, wanda ya saye shi don launi ya tashi a tutar babu. Batun ƙasa kuwa, yashi ko tsakuwa ko jigawa duk suna yi, abin gudu shi ne laka mai riƙe ruwa. Gwajin yana da sauƙi: a haƙa rami mai zurfin santimita 30, a cika shi da ruwa a bar shi ya tsotse, a sake cikawa, sannan a duba. Idan cikon na biyu ya shige cikin awanni kaɗan, wurin ya yi. Idan aka wayi gari aka tarar da ruwa kwance a ƙasan ramin, sai a sauya wuri, ko a tara tudu mai tsawon santimita 20 zuwa 30 a dasa a kansa. Na taɓa dasa guda a kusa da inda indararon ɗaki yake zubar da ruwa, ina ganin na rage wa kaina wahalar ban-ruwa. Shekara ta biyu ganyensa ya yi rawaya tun tsakiyar lokacin zafi, da na tone shi na tarar saiwoyin sun yi baƙi sun yi laushi, ɓawonsu yana saɓulewa a tsakanin yatsu, ga warin tsami yana tashi daga ramin.

Lokacin dashe shi ne farkon bazara, da zarar ƙasa ta narke ta daina ɗanko, ko kuma farkon kaka, yadda saiwa za ta samu makonni ta kama kafin ƙasa ta daskare. Dashen da aka sayo babu ƙasa a saiwarsa ya fi son bazara, tun idanunsa ba su buɗe ba, kuma a jiƙa saiwar a bokitin ruwa na 'yan awanni kafin a sa shi. Faɗin rami ya ninka na dunƙulen saiwa sau biyu, amma zurfinsa kada ya wuce nata, domin wuyan itacen, inda saiwa ta haɗu da kara, ya kamata ya tsaya daidai da fuskar ƙasa ko ya ɗan ɗara. Idan dashen na cikin tukunya ne kuma saiwoyin sun nannaɗe suna zagaye, a warware su da yatsu, masu taurin kai a yanke su, in ba haka ba za su ci gaba da zagayen har su shaƙe gindin bayan shekaru. A mayar da ƙasar da aka haƙo kamar yadda take. Cika rami da takin gargajiya a cikin ƙasa mai laka kuskure ne da ake yawan yi, domin ramin yakan zama kamar kwano, ruwa ya taru a ciki ya rasa hanyar fita. Tazara tsakanin itace da itace ta kasance mita 1.5 zuwa 2, ga mai son shinge kuwa mita 1 ta isa. Wanda 'ya'ya suka dama ya dasa aƙalla guda biyu waɗanda ba daga uwa ɗaya aka yanko su ba, saboda ƙudan zuma su riƙa kai ƙurar fure daga wannan zuwa wancan, 'ya'ya su fi yawa.

A shekarar farko ana ba da ruwa sau ɗaya a mako idan ba a yi ruwan sama ba, a zuba a hankali a gindi har ya shiga ƙasa sosai, maimakon yayyafi na kullum da ke sa saiwa ta zauna a sama. Kafin a ƙara, a cusa yatsa a ƙasa, in akwai laima a ƙarshen yatsan a haƙura. Daga shekara ta biyu itacen yakan riƙe kansa, sai in fari ya yi tsanani. Ana shimfiɗa ɓarzajjen ɓawon itace mai kaurin santimita 5 zuwa 8 a kewayensa don hana ciyawa, amma a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da kara. Taki ba dole ba ne. Idan girma ya tsaya, ɗan ruɓaɓɓen taki a saman ƙasa a farkon bazara ya wadatar, mai yawan naitirojin kuwa yana jawo toho mai laushi wanda ƙwari ke so, sanyi kuma ya ƙone shi.

Datsa rassa yana da ƙa'idar da ta samo asali daga yadda itacen yake fure. Furen da ake gani a watan Afrilu ko Mayu yana fitowa ne a rassan da suka girma bara, saboda haka wanda ya yi aski a ƙarshen hunturu ya zubar da furen shekarar da hannunsa. Ga mai jan ganye, a jira fure ya kaɗe sannan a ɗauko almakashi. Ga na 'ya'ya, a taƙaita datsa ga abin da ya zama dole, tunda kowane reshe da aka cire 'ya'yansa sun tafi da shi. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce, daga shekara ta uku ko ta huɗu, a riƙa sare kashi ɗaya cikin uku na tsofaffin karare daga can ƙasa kowace shekara, a bar sababbi su maye gurbinsu. Wannan yana buɗe tsakiyar itacen iska ta shiga, ganye ya riƙa bushewa da wuri bayan ruwan sama. Aske saman itacen ya zama dunƙule ko murabba'i yana ba da kyan gani na ɗan lokaci, amma cikinsa yakan cushe ya mutu. Busasshen reshe ko karyayye ba ya jiran lokaci, ranar da aka gan shi a cire shi. Cerin rairayi yana kuma fitar da toho daga saiwa a nesa da gindi, wanda a gangare alheri ne tunda yana riƙe ƙasa, amma a ƙaramin lambu sai a riƙa yanke shi tun yana ƙarami.

Gaskiyar da masu sayarwa ba su cika faɗa ba ita ce itacen ba mai tsawon rai ba ne, musamman mai jan ganye, wanda sau da yawa yakan fara lalacewa bayan shekara 10 zuwa 15, kuma cututtuka da ƙwari ne suke gaggauta hakan. Mafi haɗari ita ce tsutsa mai huda kara, wadda take shiga ƙarƙashin ɓawo a daidai fuskar ƙasa. Alamarta ƙaro ne mai danƙo gauraye da garin itace kamar dusa, a manne a gindi. In an ga haka, a share ƙasar da ke wuyan itacen, a kankare ƙaron, a bi ramin da siririyar waya a kashe ta. Ta fi samun itacen da aka ji wa rauni, don haka injin yankan ciyawa kada ya kusanci gindin. Akwai kuma cutar fumfuna mai sa reshe ya yi baƙin kumburi mai tauri kamar an manna masa gawayi. Maganinta a yanke reshen santimita 15 ƙasa da kumburin a ƙarshen hunturu, a ƙone shi ko a fitar da shi daga lambu, a goge almakashi da sifirit kafin a taɓa wani reshe. A gabashi da tsakiyar Amurka ƙwaron Japan, wanda aka fara gani a jihar New Jersey a 1916, yana bayyana daga ƙarshen Yuni, ya cinye naman ganye ya bar jijiyoyi kamar raga. Da sassafe ba ya da kuzari, sai a tara bokitin ruwan sabulu a ƙarƙashin reshe a girgiza, su zubo ciki. Tarkon ƙamshi da ake sayarwa dominsa yakan kira ƙwari fiye da waɗanda yake kamawa, bai kamata a rataye shi kusa da itacen ba. A hunturu kuma zomaye da ɓeraye suna gaigayar ɓawo, kuma in suka zagaye kara gaba ɗaya, abin da ke sama ya mutu. Ragar waya mai ƙananan idanu da aka kewaya gindi da ita, wadda ta ɗara tsawon dusar ƙanƙara da aka saba samu, tana hana wannan.

'Ya'yan sukan fara zuwa a shekara ta biyu ko ta uku. Kada a yi gaggawar tsinka da sun yi ja, a jira su yi baƙi su ɗan yi laushi, domin a lokacin ne baurinsu yake raguwa. Ɗanɗano ya bambanta daga itace zuwa itace, wani da zaƙi, wani da tsami da bauri, waɗanda sai an dafa da sukari an yi jam. Tsuntsaye ma suna jiran ranar, saboda haka a rufa raga da zarar launi ya fara juyawa. Naman 'ya'yan ne kaɗai abin ci. Ƙwallon da ganye da ɓawo suna ɗauke da sinadarin da ke rikiɗewa ya zama gubar sayanayid, kuma ganyen da ya yi yaushi ya fi haɗari ga dawaki da shanu da awaki, don haka rassan da aka datse kada a jefa su inda dabbobi suke kiwo, yara kuma a hana su tauna ƙwallon.

Tunda an san ransa gajere ne, hikima ita ce a tanadi magaji tun uwar tana da ƙarfi, wajen shekara ta bakwai ko ta takwas. Hanya mafi sauƙi ita ce a lanƙwaso wani reshe mai laushi na kusa da ƙasa a bazara, a ɗan kankare ɓawonsa a inda zai taɓa ƙasa, a binne wurin, a danne da dutse, a bar kansa a waje yana kallon sama. Zuwa bazara mai zuwa yakan yi saiwa, sai a yanke shi daga uwar a dasa. Tohon saiwa ma ana iya tono shi da 'yar saiwarsa, sai dai idan itacen mai aure ne, wato an ɗora shi a kan gindin wani iri, tohon zai ɗauko gindin ne, ganyensa ya fito kore. Mai son shuka ƙwallo kuwa, wanda irin yamma ne ya dace da shi, sai ya wanke shi, ya sa a yashi mai laima cikin leda, ya ajiye a firji a kan digiri 4 na kimanin wata 3 zuwa 4, ko kuma ya shuka shi a waje a kaka hunturu ya yi masa aikin, amma ya rufe wurin da ragar waya saboda kurege da ɓera suna tone shi.