Yadda ɗalibin kimiyya a Sakkwato zai bi fasahar nano har ya kai kasuwa

Fara da riƙe lissafi, fiziks da kemistiri tun ajin farko. Digirin kemistiri ko fiziks a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya isa mafari. Fasahar nano ita ce sarrafa abubuwa a ma'aunin nanomita. Nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, silin gashi kuwa kaurinsa ya kai nanomita 80,000. A irin wannan ƙanƙanta abu kan sauya hali: zinaren da aka sani rawaya, in aka mai da shi ƙwayoyin nano cikin ruwa, ja yake komawa.

Sai zaɓen aikin bincike, kuma nan ake yawan ɓacewa. Ɗalibai da dama kan dafa ganyen dogonyaro, su tsiyaye ruwan a narkakken gishirin azurfa, su ga ya rine ya koma ruwan ƙasa, alamar an samu ƙwayoyin nano na azurfa, su auna, su rubuta takarda, shi ke nan. Ba laifi a koyi hannu da shi, amma wa zai saya? Kafin ka shiga ɗakin gwaji, zaga gari. Tambayi masu harkar sola yadda ƙurar hunturu ke cinye musu wuta, don akwai shafin silika da na titaniyom da ake yi wa gilashi ya rage kama datti. Leƙa majema ka ji abin da ke lalata musu fata. Ga kuma masana'antar siminti a Kalambaina. Ɗauki matsala ɗaya ka kai wa malaminka, ko Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke jami'ar.

Ware kuɗin awo tun da wuri, domin kowane samfur da za a duba a na'urar SEM (madubin ƙara girma mai aiki da lantarki) ko XRD (mai gano tsarin abu da hasken X-ray) sai ka biya. Kada rashin kayan aiki ya karya maka gwiwa dai. Da salatif masana fiziks Geim da Novoselov suka ɓantaro girafin, wato shimfiɗar kabon mai kaurin atom ɗaya, a Mancesta a 2004. Digiri na biyu kuwa, duba Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka (AUST) da ke Abuja, ka nemi tallafin PTDF, asusun gwamnati na bunƙasa fasahar man fetur.

In abin ya yi aiki, kada ka yi gaggawar wallafawa. Nemi rajistar haƙƙin ƙirƙira tukuna, NOTAP, hukumar gwamnati mai kula da samo fasaha da bunƙasa ta, na taimaka wa masu bincike a kai, kariyar kuma ta shekara 20 ce. Daga nan ka yi rajistar kamfani a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. In shafin gilashin sola ka ƙirƙira, ka shafa wa mai sola ɗaya rabin farantansa ka bar rabi, ku riƙa auna wutar tare har hunturu ya fita, sannan ka lissafa nawa shafin faranti ɗaya ya ci.