Kurakuran da masu koyon gane tsoffin jirage ta inuwarsu suka fi yi

Mu ƴan tsiraru ne a Maradi da ke ƙera ƙananan jiragen sama da gwangwani da dalma, kuma in mun zauna bayan la'asar wasanmu ɗaya ne: wani ya ɗaga takarda mai baƙin zanen jirgi, ba fenti ba rubutu, sauran su faɗi sunansa. Yaran da ke shigowa cikinmu ramin da na faɗa shi suke faɗawa, har bakina ya gaji da maimaitawa.

Babban kuskuren shi ne a ga alama ɗaya a yanke suna. Ni wannan ya ci mini wata uku. Na samu takarda mai zanen wani jirgi ta sama da gaba da gefe, ba suna a jikinta. Ina ganin wutsiya biyu da inji biyu na ce Noratlas ne, jirgin dakon Faransa da ya fara tashi a 1949, wanda sojojin samanmu na Nijar suka yi aiki da shi. Ban ƙara dubawa ba. Na tara gwangwanayen madara, na yanka, na buga, na liƙe, yatsuna duk ƙunar dalma. Da na gama na kai wa wani dattijon unguwarmu, tsohon soja da ya yi aiki a Yamai, ina ɗokin ya yaba. Ya juya shi a hannu sau biyu, ya ce: "Yaro, aiki ya yi kyau, amma wannan ba namu ba ne. Namu cikinsa kamar ganga yake, naka kuwa akwati." Na ce: "Baba, ai ga wutsiya biyu." Ya ce wutsiya biyu ba ta jirgi ɗaya ba ce. Ashe C-119 na Amurka na ƙera, wanda ya fara tashi a 1947. Wallahi ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, amsar tana kan takardar tun farko. Faɗin fukafukansu kusan ɗaya ne, Noratlas mita 32 da rabi, C-119 mita 33 da ɗoriya. A tsawo ne suka rabu: na Faransa wajen mita 22, na Amurka ya haura 26. Tun daga nan ban taɓa faɗin suna ba sai na karyi tsinken tsintsiya daidai faɗin fukafukai, na ɗora shi daga hanci zuwa wutsiya. In jirgin ya ci kashi biyu cikin uku na tsinken, Noratlas ne. In ya kai kusan huɗu cikin biyar, C-119 ne. Wasu abokaina suna cewa ido ya isa. Nawa idon bai ishe ni ba, kuma naku ma da kuka fara jiya bai isa ba. Ku bar gaggawar riga kowa buɗe baki!

Na biyu, dogara da zanen gefe kaɗai. Ɗauki Broussard na Faransa, na 1952, da Beaver na Kanada, na 1947. Kowanne inji ɗaya a hanci, fiffike a saman jiki, ƙaramar taya a baya, har injin ma iri ɗaya ne, Pratt & Whitney R-985. Broussard tsayayyun wutsiyoyi biyu gare shi, Beaver ɗaya. To amma daga gefe biyun nan suna rufe juna, sai ka rantse ɗaya ce. Kwanan baya wani yaro ya kawo mini Broussard ɗinsa da wutsiya guda a tsakiya, ya riga ya shafa fenti. Na ce masa: "Ƙanena, wa ya ce ka sa almakashi kafin ka ga jirgin ta gaba?" Ya ce hoto ɗaya ya samu a waya. To in ɗaya ka samu, ka jira. Gwangwani ba ya ruɓewa. Ni ba na yanka sai na ga fuska uku, kuma daga wutsiya nake fara karatun jirgi, don hanci ya fi yaudara.

Sauran ƙanana ne. Ba duk jirgi mai inji uku ba ne Junkers 52 na Jamus: nasa fiffiken a ƙasan jiki yake, na Ford mai inji uku a sama. In ka ga inuwar DC-3, jirgin fasinjan Amurka mai inji biyu, ka ce dangin DC-3 ka tsaya nan, domin Rasha ta ƙera shi da sunan Li-2, Japan ma ta ƙera nata, kuma baƙin zane da wuya ya raba su. Fiffike mai siffar ganye ba kullum Spitfire, jirgin yaƙin Birtaniya, ba ne, wasu Spitfire ɗin ma an datse musu bakin fiffike. Sunan da aka rubuta ƙarƙashin hoton da ke yawo a WhatsApp, kada ka gina aiki a kansa.

Akwai kuma masu auna hoto a fuskar waya bayan an ja shi ya miƙe. Nemi ainihin awon jirgin ka raba da 72, in a ma'aunin 1:72 kake aiki. DC-3 mai faɗin mita 29 zai ba ka santimita 40. In ka gama haɗa jikin, kafin fenti, rataye shi da zare da dare, ka haska tocila daga nesa, ka manna takardar a bango kusa da inuwarsa ka gwada su ta fuskokin nan uku.