Yadda za ka gina ƙagaggen labarin kisa a ƙauye, ɗan jarida na tafe da 'yan sanda

Kafin ka zaɓi wanda ya yi kisan, lissafa awoyin da ke tsakanin ganin gawa da jana'iza. A ƙauyen Kano ko Jigawa, in an tsinci mutum a gona da hantsi, dangi so suke a yi masa sutura kafin la'asar. Waɗannan 'yan awoyi su ne jarinka. Abin da ɗan jarida da ɗan sanda ba su gani ba kafin a kai mamaci makwancinsa, sai dai su roƙo shi a bakin mutane.

Labari ba caji ofis yake fara zuwa ba. Wanda ya ga gawa mai unguwa zai gaya wa, mai unguwa ya sanar da dagaci, daga nan maganar ta kai ga hakimi da baturen 'yan sanda, wato DPO. Kafin mota ta iso 'yan sintiri da rabin gari sun tattake wurin, wani ya lulluɓe mamacin da zane, wani ya ɗauke masa takalmi. Rubuta shi haka, kada ka gyara, don a nan shaida ke fara lalacewa. Kuma DPO ba ya riƙe maganar kisa har ƙarshe. Bayanan farko yake ɗauka, ya miƙa fayil da wanda ake zargi ga sashen binciken manyan laifuka, a Bompai in Kano ne, a Dutse in Jigawa ne.

Faɗi lokacin shekara tun a shafin farko, domin gawa da yanayi take tafiya. Sandarewa kan fara daga muƙamuƙi da wuya bayan awa 2 zuwa 6, ta game jiki wajen awa 12, ta saki bayan kwana ɗaya da rabi zuwa biyu. Zafin bazara yana gaggauta wannan duka, sanyin hunturu yana jinkirta shi. Jini kuma kwanciya yake yi a ɓangaren da ke ƙasa. In an sami mutum rub da ciki amma jinin ya taru a bayansa, to an juya shi, ko daga wani wuri aka kawo shi. A baƙar fata alamar ba ta fitowa sarai, saboda haka kada ka sa kofur ya hango ta daga nesa; bar wa likita.

Sau da yawa ma likitan ba zai samu gani ba. Kai gawa Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano a yi mata bincike abu ne da dangi kan ƙi, su ce sun bar wa Allah. To wa ya ga jikin? Wanda ya yi wanka. Shi ya ga raunin da riga ta rufe, amma an hore shi da rufa asirin mamaci, kuma yana ɗaukar hakan amana. Kada ka sa ya buɗe baki a zama ɗaya. Ba shi kwanaki yana auna amanar matacce da haƙƙin jinin da aka zubar. Sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in sun ishe ka matakan da labarin zai taka.

A nan amfanin ɗan jaridar yake. Ba shi da ikon kama kowa, ba a ba shi fayil ya karanta, ba ya shiga ɗakin tambayoyi, kuma maganar hukuma daga bakin kakakin runduna take fitowa. Abin da ya mallaka shi ne ana gaya masa abin da ba a gaya wa mai kaki. Mai da shi wakilin gidan rediyo, don muryarsa ta riga shi shiga gari. Ya fara da zauren dagaci, ya tuɓe takalmi ya ce “ranka ya daɗe”, ko da ga sufeto “yallaɓai” yake cewa. In namiji ne iyakarsa zaure da dandali da teburin mai shayi. In mace ce za ta shige cikin gida ta zauna kusa da mai takaba, ta ji abin da maza ba za su taɓa ji ba. Zaɓi tun da wuri, don rabin shaidunka a kan wannan suka rataya.

Tsakaninsa da sufeto ban gishiri ne in ba ka manda, kuma dole wata rana cinikin ya ɓaci. Ya saki labari da wuri, wanda ake nema ya ji a rediyo. In ranar Alhamis ce ya bi ayarin 'yan kasuwar Maigatari, kafin magariba yana Nijar. A bakin ɗan jaridar kuwa “wanda ake zargi” zai riƙa cewa har kotu ta yanke hukunci.

Kada ka rufe littafin da an kama mutum ya amsa laifi. Kisan kai yana ƙarƙashin sashe na 221 na kundin hukunta laifuka, wato Penal Code, kotun majistare ba ta da hurumin sauraronsa. Tura mutum gidan gyaran hali take yi, a jira shawarar ma'aikatar shari'a, sannan a tafi babbar kotu, abin da kan ci watanni. Amsa laifin da aka samu da duka kuwa, sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana kotu karɓarsa, kuma lauya zai tayar da maganar. Don haka tanadi abin da zai tsaya da ƙafarsa: kiran waya na ƙarshe, kuɗin bijimin da aka sayar ranar Juma'a a Wudil, da ɗan acaɓan da ya tuna wanda ya sauke a bakin gonar.