Yadda za ka zaɓa wa ƙofar gidanka fenti ko rini

Yawancin waɗanda na ga sun ɓata ƙofarsu, tun wajen sayen kaya suka ɓata ta. Mutum ya ga ƙofa mai launin zuma a hoto, ya garzaya ya sayo rinin katako, alhali bai san ma da me aka yi ƙyauren gidansa ba.

To da nan za ka fara. Samu wani lungu a gefen ƙyauren, kusa da hinji, ka goge da samfefa har ainihin jikinsa ya fito. In ƙarfe ne, magana ta ƙare, fenti za ka yi, domin rini shiga jikin katako yake yi, ƙarfe kuwa ba ya sha. In katako ne mai kyawun zane irin madaci, ni dai ban yarda a binne shi da fenti ba, asara ce. Amma in duk faci ne, an cike tsaga da foti nan da can, fenti ne rufin asirinsa. Rini ba ya ɓoye komai, foti kuma ba ya ɗaukar launi daidai da katako, sai ya fito ɓaro-ɓaro kamar tabo.

Sai ka dubi rana. Ƙofar da rana ke duka kullum ba rumfa, fenti ya fi yi mata, saboda yana tare hasken gaba ɗaya. Rini da man ƙyalli da ake shafawa a kansa suna barin haske ya ratsa, don haka sai ka riƙa sabunta man duk shekara ɗaya ko biyu. In ka san ba za ka iya wannan hidima ba, kada ka soma. Kuma ka guji baƙin fenti a irin wannan ƙofa; zafi yake tarawa har ƙyauren ya karkace.

Yanzu ga inda na taɓa shan wahala. Daga rini zuwa fenti abu ne mai sauƙi, amma komawa rini bayan an taɓa yi wa ƙofa fenti aiki ne ja. Na kankare tawa, na goge, na ga ta yi fes a ido, na shafa rini. Ashe tsohon farin fenti na nan maƙale a cikin siraran ramukan katakon da kusurwoyin ado. Ko'ina ya yi ja, waɗannan wuraren suka tsaya fari ɗigo-ɗigo kamar an watsa gari. Sai da na sake aikin daga tushe, kwana biyu cur. Tun daga ranar ba na buɗe gwangwani sai na yi gwajin ruwa: ɗiga ruwa kaɗan a wurare daban-daban. Inda katako ya shanye ya yi duhu, ya shirya. Inda ruwan ya dunƙule ya tsaya, da sauran tsohon shafi, koma ka goge. Fara da samfefa mai lamba 120, ka ƙare da 180, kana bin tsawon zanen katakon, kada ka gitta shi. In ƙyauren mai siririyar fatar katako ce a sama, sassauta hannu, don nan da nan za ka huda ta. Tsohon fenti kuma yana iya ƙunsar dalma, saboda haka kada ka goge shi a bushe kana shaƙar ƙurar.

Shafa rinin, ka bar shi minti 5 zuwa 15, sannan ka share rarar da tsumma mai tsabta. Masu koyo suna jin kamar ɓarna ce su share, sai su bar shi da kauri, ya kwana yana danƙo. In kana son ya ƙara duhu, bari ya bushe ka ƙara wani. Bayan nan man ƙyalli na waje, mai kare hasken rana, shafi uku. Na cikin ɗaki ya fi araha, amma ba ya jure rana da ruwa, ɓarewa yake yi.

In fenti ka zaɓa, shimfiɗar farko ɗaya, wato shafin da ake fara yi don fenti ya kama, sai shafi biyu marasa kauri. Ko wanne ka yi, ka shafe bakin sama da na ƙasa na ƙyauren, ta nan ruwa ke shiga ya kumbura shi. Kada ka rufe ƙofar sai ta bushe sarai.