Daga Katsina zuwa Jidda: yadda ake lissafin awannin jirgi

Tsakanin filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina da filin Sarki Abdul'aziz na Jidda akwai kusan kilomita 3,500 idan aka miƙe. Madina ta ɗan fi nisa, wajen 3,600. Babban jirgin fasinja idan ya daidaita a sama yana cin kilomita 850 zuwa 900 a awa. Raba 3,500 da 850, ka samu awa 4 da 'yan mintuna. Ƙara rabin awa na hawa da sauka, domin a lokutan nan jirgi ba ya sakin gudu. Awa 4 da rabi ke nan.

Lissafin takarda ne wannan. Miƙaƙƙiyar hanya ta kan Nijar, Chadi da Sudan take bi kafin Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazai suka koma zagaye, tafiya ta ƙara tsawo. Saboda haka tambayi kamfanin jirgi ko jami'in alhazai hanyar da za a bi.

Inda aka fi ruɗewa shi ne agogo. Saudiyya na gaban Najeriya da awa 2, kuma kowane lokaci da ke kan tikiti na garin da aka rubuta ne. A lissafin awa 4 da rabi, jirgin da ya tashi Katsina ƙarfe 10 na dare zai sauka Jidda 4:30 na asuba agogon can, alhali a gida 2:30 ne. A dawowa lissafin juyewa yake: tashi 9 na safe, sauka 11:30 na safe. Wanda zai zo tarbo daga Daura ya riƙe lokacin saukar da ke kan tikiti kawai, kada ya ƙara masa komai, sai dai ya ware lokacin tafiyar mota ta kusan kilomita 80.

Masu Umara galibi ta Kano suke tashi, wani lokacin da yada zango a Alƙahira ko Addis Ababa. A nan zaman jira kan fi tafiyar kanta cin lokaci. Duba tazarar saukar jirgin farko da tashin na biyu. Idan ba ta kai awa 2 ba akwai kasada, musamman lokacin hunturu da hazo kan jinkirta tashi daga Arewa.

Ka isa filin jirgi awa 3 kafin tashi. Idan Jidda za ku sauka ku wuce Makka, ɗaura harami tun a ƙasa, domin a sama ake ratsa miƙati kuma banɗakin jirgi ba ya ɗaukar layin mutane. Mai fara sauka Madina ya bar nasa a jaka sai Zul Hulaifa, miƙatin mutanen Madina.