Idan Mota Ta Ƙi Tashi Saboda Matsalar Wuta

Idan ka murɗa makulli injin bai juya ba, fara kunna manyan fitilu. In haskensu ya dushe, batir ne ya yi rauni, domin zafin Afrilu a Maradi yakan busar da ruwansa da wuri. Batir mai lafiya yana nuna volt 12.6 idan mota tana kashe.

Duba kawunan batir ɗin, ka goge farin garin da ya taru a kansu, sannan ka ɗaure su tamau, har da wayar da ke haɗe da jikin mota, wadda mutane da yawa suke mantawa da ita. In fitilu suna haske sosai amma ka ji ƙas sau ɗaya kawai, zargi na kan sitata, wato na'urar da ke juya injin ya tashi. In kuwa shiru ne, duba fis kafin ka kira makanike.