Ƙaiƙayin kan nono da ya ƙi jin magani

'Yan uwa mata, ba kowane ƙaiƙayi ko ɓawo a kan nono ba ne ciwon fata. Akwai nau'in sankarar nono da ake kira cutar Paget: tana farawa daga kan nonon, yawanci gefe ɗaya, sannan ta bazu zuwa baƙin da'irar da ke kewaye. Wurin yana yin ɓawo, yana tsattsafo ruwa ko jini. Man shafawa mai sitiroyid (maganin rage kumburi da ƙaiƙayi) kan lafar da ita na ɗan lokaci, nan ne ake ruɗuwa. In an yi mako 2 zuwa 3 ana shafawa bai warke ba, ki nemi a yanki ɗan ƙaramin naman wurin a gwada, ko da hoton nono na mamogiram bai nuna komai ba.

Nono ya kumbura, ya yi zafi, fatar ta yi ramuka kamar ɓawon lemo? A baƙar fata ba lallai a ga ja ba, duhu take ƙarawa. Wannan yana iya zama wani nau'in sankarar nono daban, mai kama da kumburin da ƙwayoyin cuta ke jawowa, inda ƙwayoyin sankara ke toshe magudanar ruwan fata. In an sha maganin kashe ƙwayoyin cuta kwana 7 zuwa 10 babu sauƙi, ki koma asibiti. Kar a yi sakiya ko tsaga.